KWANA HUƊU A BAKIN TEKU: ABIN DA MUKA GANI A BADAGIRI

Shekara 19 ke nan ina koyar da labarin ƙasa da tarihi a makarantar ikkilisiyarmu da ke bayan garin Jos. Ba zan iya ƙidaya sau nawa na zana taswirar Nijeriya a allo ba, in shafa shuɗin alli daga ƙasa, in ce wa yara, "Wannan shi ne Tekun Atlantika." Wata rana a farkon shekarar 2023, ina cikin bayanin yadda ruwan teku yake cika ya kuma janye, sai wata yarinya a bencin baya ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, kai ka taɓa ganinsa?" Aji ya yi tsit. Na gaya mata gaskiya, ban taɓa ba. Ba ta ƙara cewa kome ba, amma tambayar nan ta bi ni har gida.

Da dare na ba uwargida labari. Ta yi dariya, sa'an nan ta tuna mini da ƙanenta, wanda yake aikin soja a Badagiri, can yamma da Ikko. Shekara 3 yana roƙonmu mu kawo masa yara su yi hutu, mu kuwa kullum muna cewa sai baɗi. A daren nan muka yanke shawara za mu tafi a hutun Ista na 2024, mu biyar: ni, da ita, da ɗanmu na fari mai shekara 14, da ƙanwarsa mai shekara 10, da autarmu mai shekara 6.

TANADI

Mai karatu ya san albashin malamin makaranta. Wata 12 muka yi muna tanadi. Uwargida ta shiga adashin zumuntar mata da kuɗin ɗinkinta, ta roƙa a ba ta kwasar watan Maris. Ni kuma na riƙa ware wani abu kowane ƙarshen wata, muka bar sayen sababbin tufafi a Kirsimetin shekarar.

Da mahaifiyata ta ji, ba ta ji daɗi ba. Ta kira ni ɗakinta ta ce, "Damina na ƙofa, ba ka sayi taki ba, za ka kwashi 'ya'ya ka kai su kallon ruwa? Wane ne ya mutu a can, ko wa ake aurarwa?" Maganarta tana da hujja. A wurinmu tafiya sai da dalili: biki, ko rasuwa, ko taron ikkilisiya. Hutu kuwa sunansa kawai hutu, gama ranar da aka rufe makaranta ita ce ranar da ake ɗaukar fartanya. Na ce mata, "Mama, ki yi haƙuri, ki sa mana albarka. Abin da nake ci da shi ke nan, ban kuwa taɓa ganinsa ba." Ta daɗe shiru, daga baya ta ce, "To, ku je. Amma ka riƙe mini hannun jikokina." Mai karatu ya riƙe wannan magana, za mu komo kanta.

HANYA

Mun tashi daga Jos da asuba ran Alhamis 28 ga Maris. Tafiyar ta kai kusan kilomita 1,000. Muka gangara dutse muka bi ta Akwanga da Keffi da Abuja, muka haye Kogin Kwara kafin Lokoja, muka wuce Okene. Ina ta nuna wa yara yadda ƙasa take sakewa: ciyawa tana ƙara tsawo, kuka da ɗorawa suna raguwa, itatuwan kwakwar manja suna yawaita, har muka shiga kurmi sosai. Ba mu isa Ikko ba sai bayan ƙarfe 10 na dare. Kawun yara ya tarye mu a tasha, muka kwana a gidan wani abokinsa.

Na so in kai yara Bar Beach, wurin da iyayenmu da suka yi aiki a Ikko suke ba da labarinsa. Kawu ya ce ai na makara. Tun 2008 aka soma cike wurin da yashi, a kansa ne ake gina sabuwar unguwar nan ta Eko Atlantic. Saboda haka da gari ya waye ran Jumma'a sai muka kama hanyar Badagiri. Nisanta daga Ikko kimanin kilomita 70 ne, amma saboda cunkoson motoci sai da muka yi kusan awa 3.

ZAFIN DA BA MU SANI BA

Abin da ya fara yi mana maraba shi ne zafi. Na yi makaranta a Kano, na san zafin watan Afrilu lokacin da ma'auni yake kaiwa 40. A Badagiri da ƙyar yake wuce 33, amma ban taɓa shan wahalar zafi irin ta ranar nan ba. Ka yi wanka, kafin ka sa riga ka jiƙe. Ka zauna a inuwa, zufa tana bin bayanka. Da dare kuma ba sauƙi sosai, mu da muka saba da jan bargo a Jos ko a watan Maris.

Ga dalilin. Jikin mutum yana sanyaya kansa ne ta wurin zufa, amma sai zufar ta bushe take ɗauke zafi, kamar yadda randa take sanyaya ruwa ta wurin tsattsafowa. A arewa iskar bazara busasshiya ce, tana shanye zufa nan da nan. A bakin teku iska ta riga ta ƙoshi da laima, da safe takan wuce kashi 80 cikin 100, ba ta da wurin karɓar taka. Sai zufa ta zauna a fata, ba ta bushe ba, ba ta sanyaya ka ba. Kafin kwana biyu ƙuraje sun feso wa auta a wuya. Matar Kawu ta ce a cire mata rigar leda a sa mata ta auduga, a yi mata wanka sau uku a yini, haka kuwa aka yi suka kwanta.

Sauƙin da ake samu shi ne iskar la'asar. Da rana ƙasa tana rigan ruwa yin zafi, iskar da ke kanta ta tashi sama, sai mai sanyi ta taso daga teku ta maye gurbinta. Na sha zana wannan da kibiyoyi a allo. Ranar nan na zauna a gindin kwakwa na ji ta a fuskata.

Da yamma Kawu ya kai mu bakin ruwa a cikin gari. Yara suka yi ta tsalle suna cewa ga teku. Kawu ya yi dariya ya ce, "Wannan ƙanensa ne." Garin Badagiri yana gefen wani dogon tafki mai kama da kogi, wanda ya miƙa gabas zuwa Ikko, yamma kuma zuwa Porto Novo a Jamhuriyar Benin. A hayinsa akwai siririyar ƙasa ta rairayi cike da itatuwan kwakwar Attagara. Bayanta ne teku yake. Mutanen garin yawancinsu Ogu ne, waɗanda ake kira Egun, tare da Yarabawa, sarkinsu kuwa ana ce masa Akran. Sana'arsu su, da noman kwakwa, da saƙar tabarma, da cinikin kan iyaka, gama Seme ba nisa.

Lokacin azumi ne, bayan shan ruwa muka zauna wurin wani dattijo mai shayi, mutumin ƙasar Tawa, wanda ya ce ya shekara 20 a garin. Da ya ji Hausa a bakinmu sai ya ƙi karɓar kuɗin shayin yara. Ɗana ya soma yi masa alfahari cewa shi ya iya ruwa, a kududdufan kuza na Jos ya koya. Dattijon ya dube ni ya ce, "Malam, ka ja masa kunne. Kududdufi kwance yake, wannan kuwa tafiya yake yi." Na ce to, na gode. A raina ina cewa ai ni nake koyar da abin.

GIDAN BENE DA GINDIN AGIYA

Ran Asabar da safe muka fita kallon gari. Muka fara da wurin da itacen Agiya yake a dā. A gindinsa ne Thomas Birch Freeman na mishan ɗin Metodis ya yi wa'azi bayan ya sauka a Badagiri ran 24 ga Satumba 1842. Mahaifinsa baƙar fata ne, mahaifiyarsa Baturiyar Ingila, daga ƙasar da yau ake kira Ghana ya taso. Waɗanda suka kira shi kuwa 'yantattun bayi ne da suka komo daga Saliyo. A nan ne shi da Henry Townsend na C.M.S. suka yi sujadar Kirsimeti a wannan shekara. Hadari ya kā da itacen a 1959, yanzu ginin tunawa ne a wurin.

Daga nan muka tafi gidan benen da Rabaran Gollmer na C.M.S. ya gina a 1845. Ɗan ƙaramin gida ne mai matakalar katako, yana fuskantar ruwa. Ja-gora ya ce shi ne bene na farko a Nijeriya. Na ce masa cikin raha, ya dai ce na farko irin ginin Turawa, gama Kano tana da benayen ƙasa tun kafin wannan, hasumiyar Gobarau ta Katsina kuwa ta girme shi nesa ba kusa ba. Ya yi dariya ya ce mutanen arewa kullum sai sun faɗi haka.

A saman benen aka nuna mana ɗakin da aka ce Samuel Ajayi Crowther ya zauna. An kama shi bawa yana yaro a 1821, jirgin yaƙin Ingila ya kuɓutar da shi a teku a 1822, ya yi karatu a Saliyo, ya yi aikin juya Littafi Mai Tsarki zuwa Yarabanci, ya zama bishop a 1864. Na tsaya a tagar ina lissafi. Daga 1842 zuwa 1904, lokacin da 'yan mishan na S.U.M. suka sauka a Wase, shekara 62 ne. Likita Miller ya zauna a Zariya a 1905. Cikakken Littafi Mai Tsarki na Hausa bai fito ba sai 1932. Tafiyar da muka yi a yini ɗaya muna gunaguni, ta ɗauki tsawon ran mutum guda.

HANYAR DA BA A KOMOWA

Bayan azahar muka shiga ɓangaren da ya fi nauyi. Badagiri tana cikin tashoshin da aka riƙa fitar da bayi zuwa ƙasashen Amurka, musamman a ƙarni na 18. A gidan kayan tarihi na zuriyar Mobee muka ga sarƙoƙin wuya, da mari na ƙafa, da ƙarfen da ake kulle bakin mutum da shi. Aka ce ɗana ya ɗaga sarƙar wuya ya ji nauyinta. Ya ɗaga da hannu biyu, ya ajiye, bai yi magana ba. Akwai wani ƙaramin mari da aka ce na yara ne. Uwargida ta jawo auta jikinta.

Muka wuce gidan Seriki Abass, inda ake tsare bayi kafin jirgi ya zo. Ja-gora ya ce ɗakuna 40 ne a dā, kowanne kuwa ana cusa mutum 40 a ciki. Muka shiga ɗaya mu bakwai kawai, aka tura ƙofa. Iska ba ta shiga sai ta wata 'yar kafa a sama. Cikin minti ɗaya, da zafin da na riga na faɗa, diyata ta ce a buɗe. Kalmar Seriki kuwa ba baƙuwa ba ce a kunnenmu, Sarki ce ta Hausa ta shiga bakin Yarabawa.

Kada mai karatu ya ɗauka wannan labarin mutanen kudu ne kaɗai. An kora mutanen ƙasar Hausa da maƙwabtansu zuwa tashoshin wannan gaɓa, an kai su Bahiya a ƙasar Barazil da yawa, har tarihin can ya rubuta yunƙurin tawayen bayi Hausawa a 1807 da tawayensu na 1814. A Badagiri ne Baturen nan Clapperton, wanda a arewa aka sani da Abdullahi, ya sauka a ƙarshen 1825, ya miƙa ta ƙasa har Kano da Sakkwato, inda ya rasu a 1827 a zamanin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello. Tafintansa wani Bagobiri ne mai suna Abubakar, Turawa suna ce masa Pasko, shi ma an taɓa sayar da shi, jirgin yaƙin Ingila ya ƙwato shi. Ingila ta hana cinikin bayi a 1807, Barazil ta soke bauta a 1888. A arewacin Nijeriya kuwa doka ba ta kawar da bauta ɗungum ba sai 1936, bayan an haifi kakannin yawancinmu.

Ɗana ya tambaye ni, "Baba, mu muna cikin waɗanda aka sayar ne, ko waɗanda suka sayar?" Na gaya masa abin da kakata ta gaya mini, cewa mutanenmu sun hau duwatsu ne don gudun mahara, an kuwa kwashi waɗansu ba su komo ba. Na kuma gaya masa cewa Bature bai shiga daji da kansa ya kamo mutane ba, a gaɓa yake jira, 'yan ƙasa ne suke kawo masa, kuma a cikin kowace al'umma an sami mai sayar da maƙwabcinsa saboda bindiga da barasa da yadi. Ban ga amfanin ɓoye masa ko ɗaya ba.

Sa'an nan muka shiga kwalekwale mai inji, aka ba kowa rigar da take hana nutsewa, muka haye tafkin zuwa Gberefu cikin 'yan mintoci. Daga nan sai tafiyar ƙasa cikin rairayi mai ƙuna, wajen rabin awa da yara. A tsakiyar hanya akwai wata tsohuwar rijiya. Mutanen wurin suna cewa ana tilasta wa bayi su sha ruwanta don su manta da gida. Mu da takalma, da laima, da gorar ruwa, sai da muka huta sau biyu.

Kunne ne ya fara jinsa kafin ido. Wani ruri ne mai zurfi kamar hadari yana tasowa daga nesa, ba ya yankewa. Muka hau ɗan tudun rairayi, sai ga shi. Ruwa har inda sama ta sauka, raƙuman ruwa suna tasowa fari fat suna faɗuwa, suna ja da baya, waɗansu suna biyowa. Auta ta ce, "Baba, ina ɗaya gefen?" Na ce mata in mutum ya miƙa kudu sak daga nan, ba zai taka babbar ƙasa ba sai Antatika mai ƙanƙara. Uwargida ba ta ce kome ba, ta zauna a ƙasa. Na yi shekara 19 ina ɗokin ranar nan, sai ga shi na fara ganin teku a daidai wurin da waɗansu suka yi wa ƙasarsu ganin ƙarshe. Muka tsaya muka yi addu'a, muka komo.

Ran Lahadi muka yi sujadar Ista tare da 'yan arewa mazauna garin, sojoji da iyalansu da 'yan ƙwadago, da Hausa, da ganga da kacau-kacau kamar a gida. Da rana matar Kawu ta yi mana miyar ɗanyen kifi da ƙaguwa da jatan lande, muka ci da teba. Yara suka sha ruwan ɗanyar kwakwa har ya ishe su.

LITININ

Yanzu na zo kan abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Ran Litinin ta Ista muka haye gadar da ke kan hanyar Seme muka tafi wani bakin teku inda jama'a suke shaƙatawa. Da safe mun kalli masunta suna jan taru. Kwalekwale ne yake zagayawa da shi can cikin ruwa, sa'an nan mutane layi biyu su kama igiya a gaɓa, suna ja suna waƙa, awa da awanni. Ɗana ya kama musu, hannunsa ya yi ja, yana ta murna.

Can ya matsa mini sai ya shiga ruwa. Na duba, raƙuman ruwa suna dukan gaɓa da ƙarfi dama da hagu. Amma a wani wuri, faɗinsa bai fi aji biyu ba, ruwan a kwance yake, ba kumfa, launinsa ya fi sauran duhu. Na ce a raina ga wuri mai lafiya. Ni da kaina na nuna masa da yatsa na ce, "Shiga nan, kada ka wuce ƙugu."

Bai wuce ƙugu ba. Rairayin ne ya zame daga ƙarƙashin ƙafarsa. Kafin in ajiye takalman da ke hannuna, ruwa ya yi gaba da shi. Ya juyo yana iyo da iyakar ƙarfinsa zuwa wurinmu, amma ƙara nisa yake yi. Ina ganin kansa yana ɓacewa yana ɓullowa. Ni ban iya ruwa ba. Na shiga har ƙirji, Kawu ya finciko ni ta baya yana cewa, "Yaya, za ka sa su zama biyu!" Ihun uwargida na ranar nan, ba na fatan in sake jin irinsa.

Waɗansu masunta biyu suna ɗinkin taru kusa da mu. Saurayin cikinsu ya sheƙo a guje, ya faɗa daidai wurin da ruwan ya ja yaron, ya bar shi ya kai shi. Da ya cim masa sai ya kama shi ta baya. Bai nufo mu ba. Gefe ya yi da shi, yana bin tsawon gaɓa, har suka shiga inda raƙuman ruwa suke fashewa, su kuwa suka turo su waje. Duka abin bai fi minti 5 ba. Yaron ya yi ta amai da tari, jikinsa yana rawa. Muka kai shi wani asibiti aka duba ƙirjinsa, aka riƙe shi 'yan awoyi, aka sallame mu.

Kafin mu tafi asibitin, tsohon masuncin ya tsuguna ya yi mini zane a rairayi da yatsa, Kawu yana fassarawa. Ruwan da raƙuma suke turowa gaɓa dole ya koma. A ƙarƙashin ruwa akwai tudun rairayi da ya bi tsawon gaɓa, inda tudun nan ya tsage kuwa, nan ruwan yake taruwa ya fita da gudu kamar kwata bayan ruwan sama. Da yake wurin ya fi zurfi, raƙuma ba sa fashewa a kansa, shi ya sa yake kama da wuri mai lafiya. Ba ya jan mutum ƙasa, waje yake kai shi, kuma siriri ne. Mai kokawa da shi kai tsaye gajiya take kashe shi. Wanda ya kwanta a bayansa ya huta, ya ɗaga hannu, ko ya yi iyo ta gefe, yakan fita. Na zauna a gaban tsohon nan kamar ɗan aji ɗaya. Na ciro kuɗi na miƙa wa saurayin, ya ƙi. Tsohon ya ce in ina so in yi godiya, in sayi kifi. Muka saya har ya fi ƙarfin tukunyar matar Kawu.

An gargaɗe ni sau biyu, mahaifiyata da mai shayi. Masunta suna zaune taku goma daga inda nake, ban tambaye su ba, domin ina ganin ni malami ne. Laifin nawa ne, ba na yaron ba, na kuwa gaya masa haka a gaban uwarsa da ƙannensa.

GA MAI NIYYAR ZUWA

Ban rubuta wannan don in hana kowa ba. Ga abin da zan gaya wa ɗan'uwan da yake shirin kai iyalinsa:

1. A yi tanadi tun da wuri, kada a ci bashi. A ware kuɗin komowa da na asibiti daban, kada a taɓa su.
2. A yi tafiyar rana. In akwai ɗan'uwa a can, a sauka wurinsa, a kuma riƙa masa abin hannu, doya ko dankali ko acca.
3. A ɗauki tufafin auduga marasa nauyi, da hula ko laima, da gidan sauro. Sauron bakin ruwa ba ya hutu.
4. A riƙa shan ruwa tun ba a ji ƙishi ba, musamman yara. A yi yawo da safe ko da la'asar, a huta tsakar rana.
5. Kada kowa ya sha ruwan teku. A kowace lita akwai gishiri kimanin giram 35, wato kusan cokalin shayi 6, ƙishi yake ƙarawa.
6. Ruwan yana cika ya janye sau biyu a yini, saboda jan da wata yake yi masa, lokacin kuwa yana jinkirta kusan minti 50 kowace rana. Inda ka shimfiɗa tabarma da safe, ruwa yana iya cin wurin da rana.
7. Kada a shiga kwalekwale ba rigar kariya.
8. Kafin kowa ya sa ƙafa a teku, a tambayi masunta ko masu tsaron wurin. A guji inda ruwa ya yi lumui da duhu a tsakanin raƙuma. Yara su tsaya inda ruwa bai wuce idon sawu ba, babba yana riƙe da hannunsu.
9. In ruwa ya ja wani, wanda bai iya ruwa ba kada ya bi shi. A yi kururuwa, a jefa masa abin da ba ya nutsewa, ko jarka ce. In an fito da shi yana tari, a kai shi asibiti.

KOMOWA

Mun iso Jos ran Talata da dare, sanyin dutse ya tarye mu tun daga Riyom. Washegari na shiga ɗakin mahaifiyata da kwakwa da busasshen kifi da sabuwar tabarma, na durƙusa na gaya mata duk abin da ya faru, ban rage kome ba. Ta sa aka kira mata jikan, ta shafa kansa da fuskarsa, ta daɗe tana riƙe da shi. Ni kuwa kwana biyu ba ta amsa gaisuwata da sakin fuska ba. A rana ta uku ta tambaye ni, "Da gaske ba a ganin ƙarshensa?"

Taki buhu 2 na iya saya a daminar nan maimakon 4, masarar da muka girbe kuwa ta nuna haka. Uwargida ta ce duk da haka ba ta yi da-na-sani ba, ta ma sake shiga adashi. Ɗana ya daina zuwa kududdufan kuza ba tare da na ƙara yi masa faɗa ba.

Na komo da ruwan teku cikin gora, da rairayi da bawon ƙumba a leda. Da aka koma makaranta na aika aka kira mini yarinyar nan daga ajin da take yanzu. Na ɗiga mata ɗigo ɗaya a tafin hannu ta lasa, ta yamutsa fuska, aji ya fashe da dariya. Na ce mata na gan shi. Daga nan na juya allo na zana musu gaɓa, da tudun rairayi, da tsagar da ruwa yake fita ta ciki, daidai yadda tsohon masuncin ya zana mini, na ce kowa ya kwafa a littafinsa. Tun daga lokacin, kowace shekara da wannan zane nake fara darasin teku.

Allah ya saka wa masuntan nan biyu da alheri, ya kiyaye 'ya'yanmu a tudu da ruwa. Amin.